Yadda za ku fita da ayarin motoci kan duwatsu masu dusar ƙanƙara

Ƙanena da ke karatu a Maroko ya kira ni satin da ya wuce, wai shi da abokansa su tara, yawancinsu yaran nan gida ne Kebbi da Zamfara, sun haɗa kuɗi za su yi hayar mota ukku su hau duwatsun Atlas in an yi hutu, su bar kwalta su bi hanyoyin dutse su taka dusar ƙanƙara da ƙafarsu. Ya ce Yaya tunda kai ka taɓa yi, ka faɗa mana yadda ake yi. Mun fi awa guda a waya magana ba ta ƙare ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta masa, duk wanda ke da irin wanga niyya shi ma ya amfana.

Ni direban fadama ne. Na fi shekara goma ina jan Hilux tsakanin Birnin Kebbi da Zauro da Argungu da Bunza har Suru, ina kai taki da injin ban ruwa gonakin shinkafa, na san laka na san yashi na san inda mota ke kafewa tun kafin in iso wurin. Da wanga sanin na tafi Atlas cikin watan Maris tare da wasu abokan harka, mota huɗu, ina ganin ai ba abin da zai zame min sabo. Rabin abin da na sani ya yi min amfani ƙwarai. Ɗaya rabin kuwa shi ne ya kusa kai mu ga halaka, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Ku fara fahimtar lokacin. Maris zuwa farkon Mayu mu nan bazara ce, zafi na haura 40 a Birnin Kebbi, kwalta har laushi take yi. Can kuwa lokacin ne sanyi ke janyewa, ƙasan dutse ya yi kore, itatuwa sun yi fure, amma sama har yanzu fari fat. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na sauka da kamar digiri 6 da rabi. Marakesh ba ta kai mita 500 ba, mashigar Tishka da ke kan hanyar Warzazat mita 2,260 ce, to ka ga kana iya barin gari da 'yar shat ka isa sama haƙora na haɗuwa. Dutsen Tubkal kansa mita 4,167 ne, babu wanda ya kai shi tsawo a duk Arewacin Afirka. Kuma kar wani ya ce ai Afirka ce sanyin me, a garin Ifran na Maroko ne anka taɓa auna kusan digiri 24 ƙasa da sifili a 1935.

Abin da ya sa dusar wanga lokaci ta fi ta tsakiyar hunturu yaudara shi ne ba ta zama yadda ka bar ta. Da dare ta daskare ta yi tauri, da safe mota ta bi ta kanta lafiya lau taya na kamawa, rana na ɗagawa ta fara narkewa, kafin azahar ta koma kamar kunun da ya kwana, sama ɓawo ƙasa ruwa, mota ta nutse har ciki. Lakar fadama kwana take ɗauka kafin ta canja, in ka bi ta da safe ka san yadda za ka iske ta da yamma. Wagga kuwa awa-awa take juyawa. Hanyar da kunka wuce ƙarfe takwas kuna hira, ƙarfe biyu wata hanya ce daban, kuma ita ce dai za ku bi ku dawo. Saboda haka tun daren da za ku wayi gari ku tafi ku zauna ku yanke lokacin juyowa, misali ƙarfe sha biyu, ko an kai inda ake so ko ba a kai ba. Ku yi sallar asuba ku tashi, kar ku tsaya jiran shayi ya dahu sau ukku. Kuma a faɗi lokacin gaban kowa a amsa, don in an hau sama ido ya ga ƙololuwa ta matso sai ka ji an fara cewa saura kaɗan, mu ƙara minti ashirin mana.

Maganar mota. Ba duk mota mai tsawo ce ta wanga aiki ba. Ku tambayi mai haya a fili, tana ja da ƙafa huɗu, kuma tana da ƙaramar giyar ogzilari, wadda anka rubuta 4L? Irin su Hilux da Prado da Land Cruiser suna da ita. Duster da ta cika wuraren haya can, da yawansu ƙafa biyu ne kawai ke ja, mai ƙafa huɗun ma ba ta da 4L, ta isa yawon kwalta da burji mai kyau amma ba ita za ku kai gangaren da ke da dusa ba. Sannan ku tambaya ko inshorar ta shafi barin kwalta, don yawanci ba ta shafa ba, a rubuta muku amsar a takarda. Ɗalibi ne kai, kuɗin gyaran ƙasan Prado sai ya cinye maka na makaranta na shekara.

Kafin ku karɓi makulli ku durƙusa ku dubi tayu ɗaya bayan ɗaya har safaya. Taya mai sanƙo a dusa daidai take da silifas a kan santsin bakin rijiya. Ku nemi mai zane mai zurfi, in an samu wadda ke da tambarin dutse mai kai ukku da furen dusa a ciki to ita ce ta sanyi ta asali, in ba ita ba aƙalla mai rubutun M+S, wato ta laka da dusa. Ku buɗe bonet ku dubi ruwan lagireto. Mu nan mun saba da ɗura ruwan famfo ko na leda a wuce, can in ka yi haka ruwan zai daskare da dare, kuma ruwa in ya daskare kumbura yake da kamar kashi 9 cikin 100, ya isa ya fasa lagireto ko ma injin kansa. Dole a zuba ruwan nan mai kala na hana daskarewa, in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa yana jurewa har ƙasa da digiri 30 ƙarƙashin sifili. Ruwan waifa ma haka, akwai na sanyi. Batir in ya fara gajiya sanyi ne ke tona masa asiri, ku ɗauki wayar haɗa batir. Mai motar gas ya sani cewa man gas na yin kauri in sanyi ya tsananta har ya toshe filta, to ku sha mai a garuruwan gindin dutse, ku cika tanki dam ko da rabi kuke da shi, don ogzilari na shan mai fiye da yadda kuke zato, gidan mai kuwa babu shi sama.

Kayan da za ku ɗauka ba su da yawa amma kowanne da ranarsa. Shebur biyu aƙalla, na ƙarfe. Igiyar jan mota ta asali mai faɗi wadda anka rubuta nauyin da take ɗauka, ba igiyar ɗaurin buhu ba. Gejin taya da ƙaramin injin ba da iska mai aiki da batir. Guntun katako mai kauri da za a aza jak a kai don kar ya nutse. In kun samu allunan roba masu ƙaya da ake turawa ƙarƙashin taya ku ɗauka, sun fi kirare da duwatsu sauƙi nesa ba kusa ba. Oba-oba guda a kowace mota, don sabis na waya yana ɓacewa da kun shiga tsakanin duwatsu. Sai sarƙar taya, wadda ake naɗa wa taya don ta kama ƙanƙara, kuma don Allah ku gwada ɗaura ta a gida, cikin rana, hannu da ɗumi. Mu ba mu gwada ba, sai ga mu durƙushe cikin dusa yatsu sun ƙage muna juya sarƙa gaba da baya, abin minti goma ya ci mana kusan awa. Ku duba littafin motar ya faɗa muku tayun da ake ɗaura wa, in kun ɗaura ku ɗan matsa gaba kaɗan ku tsaya ku ƙara ɗaure ta, kuma da sarƙa ba a wuce kilomita 50 a awa, a hanyar dutse ma 20 ta ishe ku.

Wurin zuwa kuwa, shawarata ga wanda bai taɓa yi ba, ranar farko kar ku bar kwalta. Ku hau Ukaimedan, kamar kilomita 75 daga Marakesh, tsawonta wajen mita 2,600, ku ji yadda mota ke yi a kwana mai santsi da yadda jikinku ke ɗaukar tsawo. Bayan nan ne za ku yi maganar hanyoyin ƙasa irin na wajen Midelt da Imilshil. Kuma ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ku biya shi da kyau. Taswirar waya tana nuna hanya ne, ba ta nuna cewa dutse ya zubo ya rufe ta shekaranjiya ba. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 a yankin Alhauz ta lalata hanyoyi da yawa a wajen, wanda ya ba ka labarin hanyar da ya bi kafin nan ka saurare shi amma ka sake tambaya. Kuma in kun iske jandarma sun sauke ƙarfen tare hanya saboda dusa, shi ke nan an rufe, kar ku nemi ta zagaye irin yadda ake yi wa shinge a gida. Ku aje lambarsu 177, da ta motar asibiti 15, ku kuma bar wa wani a gari bayanin hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata ya ji ku.

Yanzu tsarin ayari. Mota ɗaya ba ta zuwa, biyu ma da ƙyar, ukku zuwa biyar shi ne daidai. Wanda ya fi sanin hanya shi ne gaba tare da jagora. Wanda ya fi natsuwa kuma motarsa ta fi ƙarfi, da igiya da shebur, shi ne na ƙarshe. Sabon hannu a tsakiya. Ba a wuce na gaba, ba a barin na baya. Doka guda da nake so ku riƙe kamar karatun allo ita ce kowa amanar motar da ke bayansa ce a wuyansa. Idonka na madubi, in ka daina ganin fitilar na baya ka tsaya, na gabanka shi ma zai daina ganinka ya tsaya, haka har ya kai ga jagora, ayari duka ya tsaya ba tare da an yi ihu ba. A kowace mararraba ka jira sai na baya ya ga inda ka karya sannan ka wuce. Ku kunna fitila ko da rana tsaka. Tazara kuwa ku ninka wadda kunka saba har sau ukku ko fiye, kuma a hawa ko gangara mai tsanani mota ɗai-ɗai ake yi, na gaba ya gama ya faɗa a oba-oba cewa na fita, sannan na biye ya taso. In biyu sunka shiga hawa tare na gaba ya sulɓo baya, na bayansa ba shi da wurin gudu.

Sannan a naɗa shugaba guda wanda in ya ce a juya an juya. Ba dole ya zama babba a shekaru ba. Na san halinmu, ƙarami na jin nauyin ce wa babba a'a, mai kuɗin da ya biya hayar mota ana jin kunyar hana shi. A warware wanga tun a gari, a ce Alhaji, Yaya, mun ba wane wuƙa da nama na yau ɗaya, kowa ya yarda.

To ga inda hannun fadama ke cutarwa. A laka mun saba da ba ta wuta, ka taso da gudu, ka taka totur taya na feshi har ta haƙo ƙasa mai tauri ta kama. A dusa in taya ta yi ta juyawa wuri guda, zafinta na narkar da dusar, ta sake daskarewa ta zama ƙanƙara sumul kamar gilas a ƙarƙashinka, ka haƙa wa kanka rami mai santsi. Komai a hankali ake yi, totur a hankali, sitiyari a hankali, birki a hankali, kamar kana tuƙi da ƙwaryar nono cike a kan cinya. Ka sa 4H, wato ja da ƙafa huɗu ba tare da ƙaramar giyar ba, tun kana shiga dusa, kar ka jira sai ka kafe. In hanya ta yi tsaye ko ta yi duwatsu, ka tsaya cak, ka sa giya a firi, sannan ka shiga 4L. A wuri mai santsi tashi da giya ta biyu ya fi ta ɗaya don ba ta fizgar taya. In ka ji mota ta fara nauyi tana neman tsayawa, ɗaga ƙafa, yi ribas a kan sawunka, ka sake tasowa. Kowane zuwa yana danne dusar yana ƙara maka 'yan mitoci. Da haka na gaba ke buɗe hanya, sauran su bi sawunsa daidai kar su fita.

Abin da yashi ya koya mana kuwa yana aiki, wato rage iska. Tayar da ke kan 32 ko 35 a ma'aunin PSI na geji a kwalta, in dusa mai laushi ce mai zurfi ka sauke ta zuwa wajen 20 ta ƙara faɗi ta hau sama maimakon nutsewa. Kar ka yi ƙasa da 15, taya na iya zamewa daga kan rim a kwana. Amma in ƙanƙara ce mai tauri rage iska ba ya fisshe ka, sarƙa ce maganinta, kuma ba a haɗa sarƙa da tayar da anka sassauta.

Gangara ta fi hawa haɗari, kuma nan ne ogzilari ke ruɗin mutane. Ƙafa huɗu na taimaka maka ka tafi, ba ta ƙara maka komai wajen tsayawa. Tun kafin ka fara sauka ka sa 4L da giya ta ɗaya, ka ɗaga ƙafa daga kuloci gaba ɗaya, ka bar injin ya riƙe motar tana sauka kamar tafiyar ƙafa. Kar ka taɓa sa firi a gangara, wagga ɗabi'ar ta tsimin mai a bar ta a hanyar Jega. In dole ka taka birki ka taka sannu, in ka ji feda na karkarwa ƙarƙashin ƙafarka ABS ne, na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki, ke aikinsa, kar ka firgita ka saki. In bayan mota ya fara zamewa gefe, ka juya sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa, kaɗan, idonka a inda kake so ka je ba a kwazazzabo ba. Ka kula da kwanar da ke cikin inuwa da kan gada, nan ne ƙanƙara ke kwana ta wuni ko da sauran hanya ta bushe, kuma ba ta da kala, sai dai ka ga wurin na ɗan sheƙi kamar an yayyafa ruwa. Gefen dutsen da ke fuskantar arewa shi ma haka, rana ba ta cika samunsa ba, kana iya shan kwana daga busasshiyar ƙasa ka faɗa dusa har gwiwa.

Wurin da ya fi ba ni tsoro har yau shi ne inda dusa ta zubo ta kwanta a karkace a kan hanya, gefen dutse tudu, gefen rami gangare. Nan ne abin ya same mu. Mun riga mun wuce lokacin da munka yanke da fiye da awa guda saboda mashigar dutsen da muke son kaiwa na gabanmu muna ganinta. Mota ta farko ta wuce. Ta biyu na tsakiya sai bayanta ya fara sulɓewa wajen rami, direban kuwa ɗan'uwana ne a sana'a, hannun laka gare shi kamar ni, sai ya ba ta wuta. Duk juyin da taya ta yi sai motar ta ƙara matsawa baki. Jagoranmu, wani dattijo ɗan ƙauyen wajen, ya rugo yana dukan bodi yana ɗaga hannu, sannan ya tsaya. Tsakanin tayar baya da bakin ramin bai kai kamu biyu ba. Munka fitar da mutane ta ƙofar gefen dutse, munka ɗaure motar da wadda ke bayanta, munka kwashe awa biyu muna sheɓe dusar gefen tudu har hanya ta kwanta daidai, sannan anka jawo ta baya sannu. Ba wanda ya sake maganar mashiga. Da ni ne a sitiyarin, wutar nan zan ba ta, shi ya sa nake ta nanata muku. In kun iske irin wanga wuri ku sauka ku taka da ƙafa, ku soka sanda ku ji zurfi da inda gefen hanya na gaskiya yake, don dusa na yin leɓe ta rufe bakin rami ka zaci ƙasa ce. Ko dai ku sheɓe ta ta daidaita, ko ku juya.

In mota ta kafe a wuri marar haɗari, fara da shebur kafin igiya. A kwashe dusar gaban tayu huɗu da wadda ke ƙarƙashin ciki, don sau da yawa motar zaune take a kan cikinta tayu na lilo. A tura alluna, a gwada a hankali. In sai an ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi wadda anka yi don haka. Kar a kuskura a rataya ta a ƙwallon jan tirela ko a bamba, ƙwallon nan in ya karye fita yake kamar harsashi, ya kashe mutane ba ɗaya ba. A aza bargo ko jaket mai nauyi a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Kowa ya ja baya nesa fiye da tsawon igiyar, masu ɗaukar hoto su ne kan gaba wajen matsowa, a kore su. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, sauran a yi shiru.

Ruwa kuma. Ƙoramar da kunka tsallaka da safe iyakar idon sawu, da la'asar narkakkiyar dusar duk dutsen ta sauko cikinta. Mu da munka dawo a makare mun iske tamu ta kai gwiwa tana gudu da ƙarfi, ga sanyi kamar ana yanka ƙafa. Ɗan Kebbi ba a ba shi labarin ruwa, amma na gulbi shimfiɗe yake, wanga kuwa daga sama yake zubowa da duwatsu a cikinsa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da babbar mota. A auna da sanda, a shiga da 4L a tafi bai ɗaya ba tsayawa ba canja giya, mota ɗai-ɗai, in an fita a ɗan riƙa taka birki ya bushe. In kuna shakka ku jira, cikin dare sanyi na kama dusar ruwan ya ragu, da asuba ya fi sauƙi. Haka kuma da rana tsaka ne jiƙaƙƙiyar dusa da duwatsu ke ɓallowa daga sama, in kun ga wurin da ta taɓa zubowa ta bar tarin dunƙule-dunƙule a hanya, ku wuce shi ɗaya bayan ɗaya kuma kar a tsaya ɗaukar hoto a ƙarƙashinsa.

In dare ya kama ku, ku zauna cikin mota, kar wani ya ce zai taka ya nemo taimako cikin duhu. Ku tabbata bakin salansa a buɗe yake dusa ba ta toshe shi ba, don hayaƙin zai dawo cikin mota, kuma shi ne dai hayaƙin janareta da muke jin ya kashe iyali guda a ɗaki, ba wari ba kala sai barci. Ku tada injin kamar minti goma a kowace awa don ɗumi, gilas a ɗan sauke, mutum ɗaya ya zauna a farke. Kar ku ja hambirki ku kwana bayan kun bi ruwa, yana iya daskarewa ya riƙe, ku bar ta a giya ku sa dutse a taya.

Jikinku ma mota ce da ke son shiri. Shadda da yadi da wandon jins yawancinsu auduga ne, in sunka jiƙe sai su riƙe ruwa su zuƙe ɗumin jiki. Ku sa kaya hawa-hawa, na ciki mai kama jiki wanda ba auduga ba, rigar sanyi a kai, sannan jaket mai hana ruwa da iska. Takalmi rufaffe mai hana ruwa, safa ta ulu da wata a ajiye, safar hannu biyu don ta farko za ta jiƙe wajen sarƙa, hular sanyi mai rufe kunne. Baƙin tabarau dole ne, sabuwar dusa na maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ido na iya yin ciwo kamar an zuba yashi. Bargo ɗaya ga kowane mutum, ruwan sha na kwana biyu, falas na shayi, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi in an kawo muku daga gida. In kun ga wani na rawar sanyi sannan ya fara magana a harɗe ko ya ce barci yake ji, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a naɗe shi a ba shi abu mai ɗumi a sauko da shi.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu fiye da Turawan da za ku gani can, shi ne sikila. Sanyi da ƙarancin iska a sama duka suna tada ciwon. Wanda ke da ita kar ya hau sai ya ga likita, kuma a tambayi kowa tun a gari ba tare da kunya ba. Ko mai lafiya, daga mita 2,500 zuwa sama yana iya jin ciwon kai da tashin zuciya da haki, in abin na ƙaruwa maganinsa saukowa. Mota ma na jin tsawon, injin da ba turbo yana rasa kamar kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000, in kun ji ta yi sanyi a hawa ba lalacewa ta yi ba. Alwala kuwa ku aje falas guda na ruwan ɗumi don ita, ku shanya hannu da ƙafa sosai kafin a mayar da safa.

Ƙauyukan da za ku ratsa mutane ne manoma da makiyaya kamar namu, 'yan gonakinsu a jikin dutse suke hawa-hawa, kowace an gina ta da hannu. Kar ku hau gonar kowa don kauce wa caɓi, ku rage gudu in kun ga alfadari da kaya ko yara, ku yi sallama. Hanyar da ku kuke yawon hutu a kanta ita ce hanyarsu ta kasuwa da asibiti, in kunka haƙe ta da taya su za ku bar wa wahala, kamar dai yadda muke ji in tirela ta ɓata mana hanyar gona da damina.

Da kun sauko kun taka kwalta ku samu fili ku tsaya gaba ɗaya. A cire sarƙa, a mayar da iskar taya yadda take, a fitar da mota daga ogzilari don irin su Hilux ba a tafiya da su a 4H kan busasshiyar kwalta, yana ɗaure giya ya ci taya. A leƙa ƙasan kowace mota ko wani abu na zuba, a ƙwanƙwashe ƙanƙarar da ta taru a bayan tayu, a ƙirga mutane. Sannan a kira wanda kunka bar wa saƙo a gari a ce an sauko. Kai kuma ƙanena, daga shi sai ni, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne, Inna ba za ta kwanta ba sai na faɗa mata.